Shayin bayan tuwo a ƙasar Mafara

Shayin kayan ƙamshi ruwan zafi ne da ake dafawa da citta, ko kanumfari, ko na'ana'a, ko wani ganye mai ƙamshi, a sha bayan cin abinci domin ciki ya sauka. A yammacin Zamfara, tsakanin Talatar Mafara da Bakura da Maradun, ba a cika kiransa magani ba. Mai ciwo shi ke neman mai magani. Wanda tuwo ya yi wa nauyi kuwa, cewa yake a ɗora masa ruwan citta. Kayan haɗin ma ba a wurin masu saiwoyi ake fara nemansu ba, suna nan cikin kwanon yajin uwargida, su ne dai waɗanda ake dakawa a zuba a fura da kunu tun kaka da kakanni.

Matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato zai wuce Bunguɗu da Maru kafin ya iso Talatar Mafara. Sunan garin ya riga ya faɗi ranar kasuwarsa. Ranar Talata mutanen Ruwan Gizo da Jangebe da Morai da Garbadu da Ruwan Bore ke shigowa da hatsi da dabbobi, su koma da gishiri da manja da kayan miya. Duk mai son sanin abin da ake sha bayan abinci a waɗannan ƙauyuka, layin masu kayan yaji ya kamata ya fara tsayawa. Hanci ke kai mutum wurin kafin ido. Mai kayan yana zaune a tsakiyar buhunan da aka naɗe bakinsu, gabansa ƙananan kashi-kashi a kan faifai, ma'auninsa gwangwanin tumatir. Ga citta busasshiya, ga kanumfari, ga kimba baƙa wuluk, ga masoro, ga ɓawon girfa, ga hulba, can gefe kuma dunƙulen kanwa. Mai saye ya faɗi na nawa yake so, a ƙulle masa a leda, a ɗan ƙara masa gyara.

Abin lura shi ne kusan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake nomawa a Zamfara. Sunayensu ma suna nuna hanyar da suka biyo. Kanumfari da girfa da hulba da na'ana'a duk kalmomin Larabci ne da bakin Bahaushe ya gyara, haka ita kanta kalmar shayi. Fataken Sahara da alhazai suka kawo su. Citta da kimba da masoro kuwa daga kudu suke hawowa.

Citta ita ce uwar tafiya. Iri biyu ce a bakin Bahaushe: citta mai yatsu, wadda saiwa ce, da citta mai ƙwaya, 'ya'yan wani tsiro na kurmi. Ta shayi ita ce mai yatsu. Mafi yawanta daga Kudancin Kaduna ake kawo ta, wajen Kaciya da Kwoi da Kafancan, inda ake tone ta bayan damina, a tsaga, a shanya ta bushe ƙayau. Nijeriya na cikin manyan ƙasashen da ke noma ta a duniya, kuma cittar Kaduna ta yi suna wajen zafi. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a can ta ruɓar da mafi yawan amfanin, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kashin da ake sayarwa a kasuwannin Arewa ya ƙanƙance. Zafin nan da take yi a maƙogwaro aikin wani sinadari ne da ake kira jinjarol. In aka busar da ita, wani ɓangarensa kan juye ya koma shogawol, wanda ya fi shi yaji, shi ya sa busasshiyar citta ta fi ɗanya cizo. Tana cikin kayan ƙamshin shayin da likitoci suka fi gwadawa. An tabbatar tana rage tashin zuciya, har da na laulayin ciki, tana kuma taimaka wa tumbi ya tura abinci zuwa hanji da wuri. Abin da mutane ke nufi ke nan in suka ce ciki ya sauka. Malamai kuma kan tuna cewa an ambace ta da sunan zanjabil a Suratul Insan, cikin abin shan 'yan Aljanna, wanda hakan ya ƙara mata daraja a idon jama'a. Duk da haka tana da iyaka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada babba ya wuce giram 4 a yini, mai juna biyu kuma ta tsaya a giram 1. In ta yi yawa ita da kanta take tayar da ƙwannafi.

Kanumfari furen bishiya ne da aka tsinke tun bai buɗe ba. Asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya, daga baya a ƙarni na 19 sarakunan Oman suka cika Zanzibar da Pemba da gonakinsa. Mansa, yujinol, shi ke kashe harshe in an tauna, shi ya sa mai ciwon haƙori ke cusa ƙwaya ɗaya a kogon. Wajen narkar da abinci shaidarsa ba ta kai ta citta ƙarfi ba, amma ƙamshinsa ne ke sa a gane shayi tun daga zaure. Uku ko huɗu sun ishi kofi. Kimba da masoro sun fi shiga yajin jego da farfesu, sai dai akwai masu fasa kimba guda su jefa a tukunyar shayi, musamman lokacin hunturu. A Senegal kimbar nan ce ake haɗawa da gahawa a yi abin shan da ake kira kafe Tuba.

Daga kasuwa in an gangaro tasha sai teburin mai shayi, wanda babu garin Arewa da ba shi. Gwangwanayen madara da Bournvita a jere kamar hasumiya, burodi a gefe, kwalin Lipton, kiret ɗin ƙwai, sai babbar tukunya a kan wuta. Sirrin kowane mai shayi yana cikin tukunyar nan, domin ba ruwa tsura yake tafasawa ba, da citta da kanumfari a ciki tun asuba. Direba ya zauna a benci, mai shayi ya tambaye shi, "Maigida, mai kauri ko ruwan bunu?" In ya ce, "Ruwan bunu, ka ƙara mani citta, cikina ya ɗaure," to an san ba yunwa ta kawo shi ba. Sai a zuba masa, a sheƙa tsakanin kofi biyu daga sama har ya yi kumfa ya ɗan huce. Bambancin yana da muhimmanci. Shayi mai kauri, da madara cokali huɗu da burodi da ƙwai, abinci ne na biyu a kan na farko, kuma mutane da yawa cikinsu ba ya narkar da madara sosai, sai kumburi ya ƙaru. Ruwan bunu shi ne na mai neman sauƙi. Illarsa ɗaya sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, in so samu ne ma rabin haka. Akwai teburan da kofi biyu kacal ke kai mutum wannan iyaka.

Ruwan Gizo mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Talatar Mafara, ƙasar manoman dawa da gero da wake da gyaɗa. Abincin yankin mai riƙe ciki ne, don na masu aikin ƙarfi ne: tuwon dawa da miyar kuka ko ta sure, wato abin da Kanawa ke kira yakuwa, da hoce, da ɗanwake, da shinkafa da wake, da dankali da rogo, sai fura da nono, ko hura kamar yadda ake faɗa a nan. Dalilin kumburin ciki bayan irin wannan abinci sananne ne. Wake da dankali suna ɗauke da wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, sai su wuce babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune can su ci, su saki iska. Mai da kitse kuma suna sa abinci ya daɗe a tumbi. Manomin da ya wuni a gona da fura kaɗai, ya zo ya danne malmala uku bayan isha'i, sannan ya miƙe a tabarma, shi ne ke kwana da gyatsa da ƙwannafi. A watan azumi da ranakun babbar salla abin ya fi yawa, lokacin da ake haɗa ƙosai da kunu da soyayyen nama a zama ɗaya.

Yadda ake dafa shi a gida ba shi da wani tsayi. Uwargida ta ɗauko yatsan citta ɗaya, ta ɗan ƙwanƙwasa shi a ƙaramin turmi har ya farfashe, ba sai ya zama gari ba. Ta haɗa da kanumfari uku, ta zuba a 'yar tukunya da ruwa kofi biyu, ta ɗora a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo, ta rufe. Rufewar nan ita ce rabin aikin, domin amfanin kayan ƙamshi yana cikin mansu ne, man kuwa yana bin tururi ya gudu. Ɗakin da ya game da ƙamshi alama ce ta cewa abin da ya kamata ya shiga ciki ya tafi iska. Saiwa da ɓawo suna son tafasa kamar minti 10. Ganye kuwa ba ya son wuta: sai an sauke ake jefa shi, a sake rufewa ya jiƙu. Daga nan a tace, a matsa lemun tsami in akwai, ko a zuba ruwan tsamiya, mai hali ya sa zuma. Ana kurɓa ne a hankali, a zaune. Wani ɓangare na sauƙin da ake ji ma daga ɗumin ruwan yake, da kuma jinkirin da shan ya tilasta kafin a kwanta.

Rabin kayan daga kasuwa, sauran rabin daga bayan gida da bakin daji. Ɗoɗɗoya kan fito da kanta a gindin danga da damina. An fi saninta da korar sauro, amma ganyenta biyar ko shida a ruwan zafi suna kwantar da murɗar ciki, kuma danginta ne Indiyawa ke sha da sunan tulsi. Tsamiya ba ta da ƙamshi irin na kanumfari, aikinta sassauta ciki ne ga wanda bayan gida ya yi wa wuya. Sabara, mai ganye fari-fari kamar an barbaɗa toka, tana cike da saurukan yankin, ana dafa ganyenta don ɓacin ciki, sai dai ɗacinta ya sa ta fi kusa da magani fiye da shayi. Sai geza, wadda ke fitowa a fako da kan marmara. A nan an fi ɗaukarta itacen saƙa da makamashi, alhali ganyenta ne ake ɗaurewa dami-dami a Senegal da Mali da Gini a sayar da sunan kinkeliba, shayin da dubban gidaje ke buɗa baki da shi a watan Ramadan. Abin da wasu ke saye da kuɗi a Dakar yana tsaye a dajin Zamfara awaki na ci.

Sai dai shiga dajin ya zama abin da ya zama. Shekarun nan na 'yan bindiga sun sa mata da yara ba sa nisa da gari don ɗebo ganye ko kaɗo tsamiya, kuma matafiyi ba ya kama hanyar ƙauye sai ya tambayi direbobi labarinta a tasha, ya kuma tabbatar ya dawo da rana tsaka. Jangebe, inda aka sace ɗalibai mata a watan Fabrairun 2021, a wannan ƙaramar hukuma take. Abin da dā ake tsinkowa kyauta, yau a wurare da yawa sai an jira ranar kasuwa.

Daga Mafara in aka nufi Maradun ƙasa takan sauya kama, saboda madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta daga 1974 zuwa 1978, don noman rani a fili mai faɗin kusan hekta 23,000 da ya ratsa Maradun da Mafara da Bakura. Ba a yi aikin cikin daɗin rai ba: ranar 28 ga Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, kuma har yau ana gardama kan yawan waɗanda suka mutu. Ruwan dai ya kawo shinkafa da masara da albasa da tumatir da dankali a tsakiyar rani, ya kuma ba ganyayen da ba sa jure ƙishirwa wurin zama. Na'ana'a na cikinsu. Reshe ɗaya in aka dasa a ƙasa mai laima, kafin wata biyu ya mamaye wurin. Sinadarinta, mentol, yana sassauta naman hanji, iska ta samu hanya, murɗa ta lafa. Amma sassautawar ba ta zaɓe. Har ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi takan saki, ruwan tsamin ciki ya hauro ƙirji. Don haka na'ana'a ta mai kumburi ce, mai ƙwannafi ya bar ta. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, saboda sanyin da take sa wa a baki yana sa a zaci za ta kashe zafin ƙirji. Akwai kuma ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, 'yar'uwar tsabre, da ake dasawa a bakin rijiya ko inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ana naɗe ganyenta uku a ƙulla, a jefa a tukunya tare da citta, kuma ita ce mafi sauƙin sha ga wanda ba ya son yaji.

Zoɓo, furen suren da ake miya da ganyensa, an fi shansa da sanyi, amma da zafi ma yana tafiya da citta da kanumfari. Yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya san da wannan. Arewa na fitar da shi waje da yawa, har Meziko.

A majalisun samari, daga Maradun har Bakura, wani shayin ne daban ke ci, wato na Buzaye. Ganyensa kore ne daga Sin, ana dafa shi a 'yar ƙaramar buta a kan garwashi, a sha zagaye uku cikin ƙananan kofunan gilashi: na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi, sau da yawa da na'ana'a a ciki. Ya yaɗu a ƙasar Hausa musamman bayan farin 1973 da 1974, da ya koro Buzaye da yawa kudu. Masu shansa bayan nama suna cewa yana wanke maiƙo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ganyen shayi, kore ko baƙi, yana da sinadarin tanin mai hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga hatsi da wake da ganye. A ƙasar da ƙarancin jini ya yi yawa ga mata da yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A bar kamar sa'a ɗaya tsakanin abinci da shayin ganye. Ruwan citta tsura, wanda ba a sa masa Lipton ba, ba shi da wannan matsala.

Kanwa ba ganye ba ce, ba ta da ƙamshi, amma ba a maganar kumburin ciki a ƙasar Hausa a tsallake ta. Daga yankin Tafkin Chadi da Manga ake kawo ta, ja da fara da ungurnu. Mai ƙwannafi kan jiƙa 'yar ƙwarya ya sha, ko ya jefa a ruwan citta, kuma nan take yakan yi gyatsa ya ji sakayau, domin tana kashe tsamin ciki kamar yadda hodar soda ke yi. Saurin aikin nata shi ne haɗarinta. Cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, mai tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya kaya. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazari a asibitin Zariya kan yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai jego, bai kamata su mai da kanwa abin sha ba.

Akwai ciwon cikin da shayi ba ya taɓawa. Zafin da ke tasowa a ƙahon zuciya in an ji yunwa, ya tashi mutum cikin dare, sau da yawa gyambon ciki ne, kuma mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Marshall da Warren, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2005 saboda gano hakan. Maganinsa ƙwayoyi ne na mako ɗaya zuwa biyu da likita ke rubutawa. Magungunan ciwon jiki da manoma da 'yan acaɓa ke haɗiya barkatai su ma suna cin bangon tumbi. Zamfara kuma tana da nata dalili na musamman. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Murɗar ciki da ƙullewarsa suna cikin alamun wannan guba, kuma ana haƙar zinariya a ƙasar Maradun ma. Mai aikin haƙa da ciki ya dame shi gwajin jini yake buƙata. Amai da gudawa kuwa ruwan gishiri da sukari ne matakin farko, sai asibiti. Jariri da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ba a ba shi ruwan citta ko dauri, zuma ma sai ya cika shekara.

Daga Bakura hanya ke komowa babban titi, ta miƙe zuwa Tureta da Sakkwato. Wanda ya bi ta ranar Talata, ya sayi cittarsa da kanumfarinsa a Mafara a dunƙule, kada ya karɓi garin da aka riga aka niƙa, domin ƙamshinsa ya rigaya ya fita, kuma ba a sanin abin da aka gauraya a ciki. In kumburi ya wuce mako biyu yana dawowa, ko aka ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama ba dalili, a ajiye tukunyar shayi a tafi babban asibiti.